Allah ɗaya Kirista yake bauta wa, komai yawan ɗarikun

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili in amsa wata magana da ta fito a wani sharhi da kuka buga. Marubucin ya ce Kiristoci alloli uku suke bauta wa, kuma kowace ɗarika da littafinta, don haka su kansu ba su san abin da suka riƙe ba. Ni Kirista ne, na daɗe ina koyar da masu shirin baftisma, kuma maganar ta sosa mini rai ƙwarai. Duk wanda zai ƙi abin da muka gaskata yana da iko ya ƙi, amma ya kamata ya fara jin sa yadda yake.

Da aka tambayi Yesu dokar da ta fi kowace girma, a Markus 12:29, ya fara da ayar Attaura da ke Maimaitawar Shari'a 6:4, cewa Ubangiji Allahnmu Ubangiji ɗaya ne. Shaidar bangaskiyar da ake karantawa a majami'un Katolika, Otodoks, Anglikan da Lutaran ita ma da Allah ɗaya take buɗewa, Uba Mai Iko Duka, mahaliccin sama da ƙasa. Wanda ya ce alloli uku ne ya fita daga koyarwar ikilisiya.

Abin da muke kira Triniti shi ne: Uba Allah ne, Ɗa Allah ne, Ruhu Mai Tsarki Allah ne, zatinsu ɗaya, ikonsu ɗaya, nufinsu ɗaya, amma Uba ba shi ne Ɗa ba, Ɗa kuma ba shi ne Ruhu ba. Maryamu ba ta ciki. Katolika da Otodoks suna girmama ta matuƙa, har wasunmu Furotesta muna ganin abin ya yi yawa, amma su ma sun ce halitta ce. In kuwa muka ce Ɗan Allah, ba ma nufin Allah ya yi aure ko ya haihu irin ta 'yan Adam. Mu ma saɓo muke ɗaukar wannan. Farkon Bisharar Yohanna ya kira shi Kalma, wanda yake tare da Allah tun fil'azal, daga baya ya zama mutum.

Ban ce abin yana da sauƙi ba. A aji, kusan kullum sai an sami ɗalibin da zai ɗaga hannu da murna ya ce ya gane: ai kamar ruwa ne, wani lokaci ƙanƙara, wani lokaci tururi. Nakan ce masa ya ajiye misalin nan, domin yana nuna Allah yana sauya kama ne kawai, kuma wannan koyarwar wani Sabeliyus ce da ikilisiya ta yi watsi da ita tun ƙarni na uku. Sai in sa shi ya buɗe Matiyu sura 3. Yesu yana fitowa daga Kogin Urdun, Ruhu yana saukowa kamar kurciya, murya daga sama tana cewa wannan Ɗana ne ƙaunatacce. Duk ukun a lokaci guda. Kiristocin farko ba su zauna sun ƙago lissafi ba. Irin waɗannan nassosi suka tarar, ga kuma kaɗaitar Allah da suka gada daga annabawa, suka ƙi sakin ko ɗaya.

Ana yawan cewa wai a taron Nikiya na shekarar 325 aka mai da Yesu Allah. Sarki Konstantin ya kira bishop-bishop zuwa garin, wanda yau ake kira Iznik a Turkiyya, saboda wani limamin Iskandariya mai suna Ariyus yana koyar da cewa Ɗan halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Taron ya ƙi wannan. Amma tun wajen shekarar 112 Filini, gwamnan Rumawa a Bitiniya, wanda ba Kirista ba ne, ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa Kiristoci suna taruwa kafin wayewar gari suna raira waƙa ga Almasihu kamar ga allah. Tsakanin wasiƙar nan da Nikiya akwai fiye da shekara 200. Taron kuma bai zaɓi littattafan Littafi Mai Tsarki ba ko kaɗan.

To, batun littattafan. Littattafai 27 na Sabon Alkawari, daga Matiyu zuwa Ru'ya ta Yohanna, suna hannun Katolika da Otodoks da Furotesta duka, kuma Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ya jera su cif a wasiƙarsa ta shekarar 367. Bambancin yana Tsohon Alkawari. Furotesta sun bi jerin Yahudawa na Ibrananci, 39, jimla 66. Katolika suna da 46, jimla 73, domin sun riƙe littattafai bakwai da ke cikin tsohuwar fassarar Girkanci: Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabiyawa guda biyu, kuma taron bishop-bishop na Katolika a Tirent ya tabbatar da su a 1546. Ikilisiyar Habasha ma 81 take ƙirgawa. Ishaya da Zabura da Farawa kuwa, na kowa ne.

Rarrabuwa dai akwai ta, ba zan ɓoye ba. Bayan taron Kalsidon na 451, ikilisiyoyin Kibɗawan Masar, Habasha, Armeniya da Suriya suka ware kan yadda za a bayyana allahntaka da mutuntakar Almasihu. A 1054 ikilisiyar Roma (Katolika) da ta Konstantinoful (Otodoks) suka ɓata, kan ikon Fafaroma da kuma ko Ruhu daga Uba kaɗai yake fitowa ko daga Uba da Ɗa. A 1517 Martin Luta ya fito da batutuwa 95 a Jamus yana sukar sayar da takardun sassaucin hukuncin zunubi, daga nan Furotesta suka samo asali. Har yau ana jayayya kan yi wa jarirai baftisma da ma'anar Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake ci don tunawa da mutuwar Yesu. An ma zubar da jini: yaƙin 1618 zuwa 1648, wanda ya faro tsakanin Katolika da Furotesta, ya ɗaiɗaita Jamus. Wannan abin kunya ne a gare mu, domin a Yohanna 17 Yesu ya yi addu'a mabiyansa su zama ɗaya. Shi ya sa na yi farin ciki da yarjejeniyar da Katolika da Lutaran suka sa wa hannu a Augsburg a 1999 kan kuɓuta ta wurin alherin Allah, batun da ya raba su tun farko.

Duk da haka, ka tambayi fada na Katolika, ka tambayi fasto na Baftis ko na Fentikos, ka tambayi limamin Kibɗawa: Allah nawa ne? Ɗaya. An gicciye Yesu a zamanin Bilatus, gwamnan Rumawa, ya mutu, ya tashi a rana ta uku? Duk za su ce i. Akwai ƙungiyoyin da suka ƙi Triniti, kamar Shaidun Jehobah, kuma manyan ikilisiyoyi ba su karɓi koyarwarsu ba.

Roƙona, Malam Edita, shi ne idan za ku sake buga sharhi kan aƙidar Kirista, ku nemi malamin ikilisiya ko biyu daga ɗariku daban-daban su duba, kamar yadda zan so a nemi malaman Musulunci kafin a rubuta wani abu kan tasu aƙidar.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani malamin ajin baftisma