Shawara ga masu doguwar tafiya a jirgin sama

Edita, assalamu alaikum.

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, nakan je birnin Guangzhou na ƙasar Sin saro kaya. Daga Addis Ababa kaɗai, inda muke sauya jirgi, sai mun shafe kusan awa 10 a sama. A tafiyata ta farko ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Tun daga nan nake sa silifas, ina tashi ina ɗan zagayawa, ina shan ruwa a kai a kai, domin dogon zama kan sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa.

'Yan uwa, magani da rigar sanyi su zauna a jakar hannu. Turare kuwa, kwalbar da ta wuce mililita 100 sai babbar jaka. Ina ji ina gani aka karɓe tawa.

Naku,
Mai karatu daga Fagge, Kano