Tulun gaz 11 a mota, takarda ta ce 6

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili in yi magana a kan ƙasar Tailan. Mu nan Tawa shinkafarta muka sani, sai tufafin da ƴan kasuwarmu ke sarowa daga Bankok. Duk wanda ya dawo daga can labarinsa ɗaya ne: titi bisa titi, jirgin ƙasa na gudu a saman gari, asibitoci kamar otal. Ban musa ba. Amma ni makanike ne, manyan motocin fasinja nake gyarawa tun ina yaron gareji, kuma akwai wani labari na ƙasar da ya tsaya mini a rai, wanda nake ganin ya shafe mu fiye da dogayen benayen.

Ranar 1 ga Oktoba 2024 wata motar ƴan makaranta ta kama da wuta a Pathum Thani, dab da Bankok. Yaran daga lardin Uthai Thani aka ɗauko su za a kai su yawon buɗe ido. Yara 20 da malamai 3 suka ƙone a ciki. Da aka bincika, sai aka tarar motar tun 1970 aka fara yi mata rajista, an yi ta sake mata jiki da inji, daga baya aka mayar da ita mai aiki da gaz. A takarda tulun gaz 6 aka amince mata. A jikinta 11 aka samu.

Malam Edita, wanda bai taɓa kwanciya ƙarƙashin mota ba zai ji wannan kamar lissafi ne kawai. Tulun gaz na babbar mota ƙarfe ne mai nauyi, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi. Kafin a ƙara guda biyar sai an yanka, an yi walda, an ja bututu, an nemo musu wurin zama. Mai sana'a irin tawa ne ya yi wannan aiki da hannunsa, kuma ya san abin da yake yi. Bayan shi akwai injiniyan da ya sa hannu, akwai jami'in da aikinsa shi ne ya leƙa ƙarƙashin motar ya ƙirga. Ƙirga 11 ba ya buƙatar na'ura. Motar kuwa tana da takardunta, ta wuce binciken hukuma. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, kwanaki kaɗan bayan gobarar, an gano wasu motocin kamfanin a wani gareji a Nakhon Ratchasima ana ƙoƙarin cire musu tulunan da aka ƙara. Ke nan kowa ya sani tun farko. Daga nan ne gwamnati ta ce a sake binciken motocin fasinja masu gaz fiye da 13,000 cikin kwana 60, bayan an riga an rasa yara.

Kuma ba yau aka fara ba. A watan Mayun 1993 gobara ta ci masana'antar kayan wasan yara ta Kader, mutum 188 suka mutu, yawancinsu mata ma'aikata, saboda ba hanyar fita. Wata uku bayan haka otal ɗin Royal Plaza ya rufta a Nakhon Ratchasima da mutum 137, domin an ɗora hawa uku a kan ginin da aka yi don hawa uku. Daren shiga 2009 gidan rawa na Santika a Bankok ya ƙone da mutum fiye da 60. A Agustan 2022 aka sake irinta a Mountain B da ke Sattahip, wurin da lasisinsa na gidan abinci ne, bangonsa kuma an lulluɓe shi da soso mai saurin kama wuta. Duk bayan kowace sai a kafa kwamiti, a ɗauke wasu jami'ai daga muƙaminsu, a ƙara doka.

Sai na 28 ga Maris 2025. Girgizar ƙasa ta auku a Myanmar, kimanin kilomita 1,000 daga Bankok. Birnin cike yake da dogayen benaye, duk suka girgiza suka tsaya, ban da guda ɗaya mai hawa wajen 30 da ake kan ginawa a unguwar Chatuchak. Cikin daƙiƙoƙi ya zube a kan leburori, kusan 100 suka rasu, da yawansu ƴan ci-rani ne daga Myanmar ɗin. Ginin kuwa na ofishin babban mai binciken kuɗin gwamnati ne, wato hukumar da ke bin diddigin kwangilolin sauran ma'aikatu. Kuɗinsa ya haura baht biliyan 2, kuɗin ƙasar Tailan. An gwada wasu ƙarafan aka ga ba su kai ma'auni ba, binciken gwamnati kuma ya ce akwai kuskure a zane da yadda aka yi ginin. A wannan karon dai an kama manya, har da Premchai Karnasuta, shugaban kamfanin Italian-Thai, ɗaya daga kamfanoni biyun da ke aikin.

Na ce "a wannan karon" ne saboda mutanen Tailan ba su manta da 2012 ba, lokacin da Vorayuth Yoovidhya, jikan attajirin da ya kafa kamfanin lemon Red Bull, ya take ɗan sanda da motarsa Ferrari a Bankok har ya mutu. Ya yi ta ƙin amsa kira har ya bar ƙasar a 2017, a 2020 aka ce an janye tuhuma, sai da jama'a suka yi caa sannan aka sake buɗe maganar. A 2023 kuma ɗan majalisa Wiroj Lakkhanaadisorn ya fallasa wata dabara: masu manyan motocin kaya na biyan kuɗi duk wata, a ba su ƴar takardar liƙawa a gilashi, jami'in da ya gan ta ya san an biya, sai ya bar mota ta wuce komai lodinta. Direban da ya taɓa bin hanyar Ƙonni zuwa Tawa ko ta Arlit ya san abin da lodi fiye da kima ke yi wa kwalta da birki.

Tailan ba ta rasa doka ba. Tana da hukumar yaƙi da cin hanci tun 1999, tana da injiniyoyi da kuɗi. Duk da haka a jadawalin 2024 na Transparency International, ƙungiyar da ke auna cin hanci a ƙasashen duniya, makinta 34 cikin 100, matsayi na 107 cikin ƙasashe 180. Makin Nijar a wannan shekarar 34 ne, matsayi ɗaya muke da su. Inda takardu suka yi yawa, tebur bayan tebur, kowane tebur wurin jira ne, mai gaggawa kuma zai biya don ya wuce. A ƙarshe sai jami'i ya koma duba takarda ya bar duba mota.

Mu ma mun binne yara. A Afrilun 2021 yara 20 suka ƙone a azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, a Nuwamban shekarar wasu aƙalla 25 a Maraɗi. Wannan talauci ne ya fi yawa a cikinsa, kuma muna fatan Allah ya hore mana a gina na siminti. Tsorona shi ne ranar da kuɗin ya samu, mu samu siminti da ƙarfe da sababbin motoci, halin sa hannu ba tare da dubawa ba kuma yana nan.

A garejina na ga abin da ke sa ni wannan tsoro. Wani mai mota ya taɓa zuwa ya ce in aro masa tayoyi huɗu masu kyau da tukunyar kashe wuta na yini ɗaya, ya je bincike ya dawo, mu mayar da tsofaffin. Wani kuma so ya yi in toshe ƙofar baya da walda don a ƙara kujeru biyu. Na ƙi, sun tafi wani wuri, kuma na ga motocin a hanya da fasinja. Ba na ɗora wa ma'aikacin gwamnati laifi shi kaɗai, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai mota yana ciki, mu masu gareji muna ciki, fasinjan da ke yi wa direba tsawa don ya tsaya duba taya shi ma yana ciki.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Takardar binciken kowace motar haya a liƙa ta inda fasinja zai gani, da sunan wanda ya duba da ranar da ya duba, domin mutum yakan yi hattara idan sunansa ne a jiki. Motar da za ta ɗauki ƴan makaranta, shugaban makaranta da wakilin iyaye su buɗe ƙofar gaggawa da hannunsu kafin yaro ko ɗaya ya hau. Ƙungiyoyinmu na makanikai da masu walda su ma su yarda cewa wanda ya toshe ƙofa ko ya ari taya za a kira shi gaban shugabanni.

Kai kuma Malam Edita, don Allah ka turo wakilinka tashoshin Tawa da na Yamai da asuba, lokacin da ake lodi. Ya ƙirga kujeru ya gwada da abin da takarda ta ce, ya duba ranar da ke jikin tukunyar kashe wuta, ya taɓa ƙofar baya ya ga ko tana buɗewa, sannan ku buga abin da ya gani. Idan yana son wanda zai nuna masa inda ake dubawa a ƙarƙashin mota, a shirye nake in raka shi.

Wassalam. Naka mai karatu,
wani makaniken manyan motoci, Tawa