Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Matasa da Wasanni, daga Damagaram

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Maganar judo, wato kokowar ƴan Japan, ce ta sa na rubuto maka, kuma zan faro da wani bature, Anton Geesink ɗan ƙasar Holan.

Mutumin nan an haife shi 1934 a garin Utrecht, ɗan talakawa ne, tun yana yaro yake aikin gini, yana shekara 14 ya shiga judo. Ƙato ne na gaske, tsawonsa ya kusa mita 2. A 1961 a Paris ya ci kambun duniya, shi ne na farko da ba ɗan Japan ba da ya taɓa ci. Sai 1964 aka sa judo cikin Olamfik karon farko, a Tokyo kuwa, gidan masu abun. Aji 4 ne, Japan ta kwashe zinariya 3, saura ajin da babu ruwansa da nauyi, wanda shi ne suka fi so, Geesink ya kai Akio Kaminaga ɗan Japan ƙasa ya danne shi har daƙiƙa 30 suka cika. Abun da ya fi burge ni, mutanensa sun zabura za su hau tabarmar wasan don murna, ya ɗaga hannu ya ce su koma, ba a shiga haka. Ya rasu 2010.

To ranka ya daɗe, wannan Geesink ɗin ya yi kokowa shi ma a ƙasarsu, har ya zama zakara. Mu kuwa kokowa gadonmu ce, ka zo filin Langa-Langa lokacin gasar takobi ka ga yadda yaro ke karanta ƙafar abokin karawa kafin ya kama shi. Amma kokowar gargajiya babu ta a Olamfik, judo kuwa tana nan. Bambancin ba wani mai yawa ba ne, a judo riga ake kamawa, kuma gwiwa ta taɓa ƙasa ba a gama ba, sai an maka mutum da baya, ko an danne shi, ko ya yi saranda.

Ka shiga Kara-Kara da yamma ka ga samari na ɗaga ƙarfe da suka zuba wa siminti a gwangwani, ƙarfi dai ga shi nan har ya yi yawa, ba mai nuna masu inda za su kai shi. Lambobinmu na Olamfik biyu ne tak, ta Issaka Dabore a dambe 1972 da ta Alfaga a tekwando 2016, duka wasan faɗa ne fa.

Ba sitadiyo muke roƙo ba. Ɗaki guda kusa da filin kokowa, tabarmar judo, riguna, da malami mai albashi wanda zai zauna a Zinder, ba ya zo daga Yamai ya yi sati ya koma ba. Kuma a bari ƴan mata su shiga.

Allah shi taimake ka.

Wani mai son kokowa, unguwar Birni, Zinder