Wasiƙa zuwa ga Babana da ke Monguno

Assalamu alaikum, Babana. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, muna nan ƙalau. Ƙafar mahaifiyarka da sauƙi, har ta koma zuwa islamiyya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da muka yi ta waya ranar Juma'a. Layin yana yankewa, amma na ji abin da ya hana ni barci. Ka ce Nijar ta ci amana tunda ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen yankin tafkin Chadi, ka ce sojojin Chadi sai fankama, Kamaru kuma ta zuba ido 'yan Boko Haram suna tsallakawa cikin ƙasarta su huta su dawo. Har ka ce da kai ne mai ba da oda, da ka bi su ko ina suka shiga. Wannan kalma ta ƙarshe ita ta tsaya mini a rai, domin na taɓa faɗin irinta ina ɗan shekara ashirin da ɗaya.

A 1983, zamanin Shehu Shagari, ina farabiti a Runduna ta Uku ta Jos lokacin da sojojin Chadi na gwamnatin Hissène Habré suka hau wasu tsibirai a tafkin Chadi. Janar Buhari ne kwamandanmu. Aka kore su, har aka bi su cikin ƙasarsu, daga baya umarni ya zo daga Legas cewa a dawo. Mu ƙananan soja ranmu ya ɓaci matuƙa, muna ganin an hana mu ƙarasa aiki. Sai da gashina ya fara fari na gane cewa wanda ke riƙe da bindiga a bakin ruwa yana ganin abin da ke gabansa ne kawai. Waɗanda muka yi musayar wuta da su a lokacin, 'ya'yansu ne yanzu suke sashe na biyu a Baga-Sola, kai kana sashe na uku a Monguno, hedkwatarku ɗaya a Njamena. Su ma ubanninsu sun ba su labarin 1983, kuma ba irin yadda nake ba ka ba.

Kamaru ma haka. Mun yi shekaru muna ja-in-ja da ita kan Bakassi da ƙauyukan yankin Darak, sai da Kotun Duniya ta yanke hukunci a 2002, muka janye daga Darak a ƙarshen 2003, aka kammala miƙa Bakassi a 2008. Ƙasar da ta sha wannan shari'a kafin ta karɓi yankinta, kana tsammanin za ta ce wa sojan Najeriya ya shigo da motocin yaƙi duk sanda ya ga dama? Ban wanke su ba. Sun daɗe suna ɗaukar Boko Haram matsalar Najeriya ce ita kaɗai, sai a 2014 Paul Biya ya shelanta yaƙi a taron Paris, kuma a Yulin shekarar aka kai hari Kolofata har aka sace matar mataimakin firaministansu. Gemunsu ya kama wuta kafin su nemi ruwa. Amma tsoron da suke wa takalmin sojanmu a ƙasarsu yana da asali, kuma hafsan da bai san asalin ba zai riƙa fassara kowane jinkiri da munafunci.

Yanzu bari in taɓa inda ba za ka so ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A farkon Janairun 2015 mutanen nan suka ci barikin Baga, wanda shi ne mazaunin rundunar haɗin gwiwar a lokacin. Kana sakandare, amma ka tuna kawunka da ya iso mana da kaya a leda. A makonnin da suka biyo baya sojojin Chadi ne suka tsallako suka ƙwato Gamboru da Dikwa, su da na Nijar suka ƙwato Damasak. Marigayi Idriss Déby, shugaban Chadi na lokacin, ya fito yana ƙorafi a jaridu cewa sun ƙwato garuruwa amma ba su ga sojan Najeriya da zai karɓa ya riƙe ba. Ni tsohon samanja ne, maganar ta yi mini ciwo, kwana uku ban kunna rediyo ba. Manyanmu ma ta yi musu ciwo, shi ya sa ba su so 'yan Chadi su ƙara nutsawa cikin Borno. Ka ga ke nan abin da kake zargin Kamaru da shi mu ma mun yi: muna son taimako, amma ba ma son baƙon soja ya yi zurfi a gidanmu, balle ya fita yana ba da labari.

'Yan Chadi kuma suna da gawarwakinsu. A Maris 2020 an kashe musu sojoji kusan 100 a Bohoma a hari ɗaya, Déby da kansa ya je tafkin ya jagoranci ramuwa, ya dawo yana cewa Chadi ce kaɗai ke ɗauke da kayan. A Oktoban 2024 aka sake kashe musu kimanin 40 a Barkaram, ɗansa Mahamat ya yi barazanar ficewa daga rundunar. Idan hafsan Chadi ya ɗaga maka hanci a wurin taro, wataƙila ƙanensa yana cikin waɗannan. Ka bar shi ya faɗi tasa, ba abin da zai ragu a jikinka.

Maganar Nijar ta fi yi mini nauyi, saboda ka san dangin mahaifiyarka rabinsu suna Diffa da Maine-Soroa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta yi barazanar amfani da ƙarfi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke musu wutar lantarki. Ko me mutum zai ce game da juyin mulki, kuma ni ba na sonsa, na ga irinsa da yawa, ka sa kanka a matsayin laftanar ɗan Nijar da ke Bosso: jiya kuna sintiri tare a bakin Komadugu, yau ya ji ana shirin turo ka ka yaƙi ƙasarsa. A Disambar 2024 Janar Tiani, shugaban mulkin sojan Nijar, ya yi hira da Hausa yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, gwamnatinmu ta musanta, a Maris 2025 kuma suka sanar da janyewa. Wannan zaman doya da manja ne na Abuja da Yamai. Ba kai ka ƙulla shi ba, ba kai za ka kwance shi ba. Wanda ya ci riba shi ne mai kwale-kwale da ke ɓuya a tumbun, wato tsibiran tafkin, wanda ya san cewa in ya haye kogi da rani, ruwa iya gwiwa, to mai binsa zai tsaya neman izini.

Na san zafin wannan tsayuwar. Ka bi sawu tun asuba, yaranka biyu suna kwance a mota, ga su can kana hango ƙurarsu, a ce ka dakata. To ka dakata, Babana. Ka kira sama, ka kira hafsan tuntuɓa, ka rubuta lokaci da wurin a littafinka. In izini ya zo ka shiga, in bai zo ba ka miƙa bayanin ga na can ɓangaren ka juyo. Domin in ka tsallaka da kanka, harsashinka ya sami masunci ko makiyayi a ƙasar wani, babu wanda zai tuna 'yan ta'addan da kake bi. Za a ce Najeriya ta keta iyaka, a rufe ɗan abin da ya rage na musayar bayanai, kai kuma ka tsaya gaban kotun soja kai kaɗai.

Abin da ke hannunka ƙarami ne amma yana aiki. Ka san takwaranka na Mora a Kamaru da na Baga-Sola da sunansu, ka riƙe lambarsu, ka gaishe su ran sallah ko babu aiki. Faransancin da ka raina a makaranta ka koma masa, ka ƙara da 'yan kalmomin Larabcin Shuwa da Barbarci, kada ka dogara da tafinta a komai. In ka samu labarin da ya shafi rayukan yaransu, kuma an ba ka damar faɗa, ka faɗa da wuri ko da jiya sun ɓoye maka nasu. Sannan ka kiyaye bakinka gaban yaranka. Abin da laftanar ya faɗa da wasa a bakin shayi, kofur zai aikata shi da gaske a shingen bincike, kan wani dattijo mai ɗauke da katin shaidar Nijar wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Irin wannan maganar kuma kada in gan ta a Facebook ɗinka.

Masunta da masu tattasai da dillalan banda, ka bi da su a hankali. Tun a zamaninmu na ga masuncin da jami'an ƙasa uku suka karɓi haraji a hannunsa a kaka ɗaya, shi kuwa bai matsa daga tsibirin da aka haife shi ba, ruwa ne ya janye iyakar ta rikice. Yanzu an ƙara masa mai karɓa na huɗu da bindiga. In ya ƙi gaya maka abin da ya gani, tsoro ne ya fi yawa a ciki.

Mahaifiyarka ta ba direban da ke zuwa Maiduguri kilishi da yaji da man shanu, ta ce ka raba da abokanka, kada ka ɓoye a akwati kamar wancan karon har ya yi fumfuna. Ta ce kuma in tambaye ka maganar yarinyar nan ta Gashuwa, ko mu aika ko mu jira hutunka. Ka riƙe sallah da azkar. Allah Ya tsare ka, Ya dawo mana da kai lafiya.

Mahaifinka.