Rahoton ayyukan ƙungiyarmu na shekarar 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayen ƙungiya, Shugaba, 'yan kwamiti da sauran 'yan'uwa mambobi, masu dawaki da masu tukuba da masu tebur da masu gadi, ga bayanin abin da aka yi da abin da aka kasa yi a shekarar 2024, kamar yadda tsarin mulkinmu ya ɗora wa sakatare. Muna roƙon Allah Ya jiƙan 'yan'uwanmu biyu da suka riga mu gidan gaskiya a cikin shekarar, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

An yi taron wata sau tara, kowanne a Talatar farko kamar yadda aka saba, kwamiti kuma ya zauna duk lokacin da buƙata ta taso.

Maganar da ta cinye mana shekarar ita ce ta wurin shaƙatawar da wani kamfani ke shirin ginawa, bisa yarjejeniya da iyalan da ke da ƙasar, a gaɓar tekun Legas da yawancinmu ke ɗaure dawaki da kafa tukuba. An fara nuna mana zanen a gidan Baale, wato basaraken Yarbawa na yankin. Akwai otal da wurin wanka da filin ajiye motoci da katanga mai ƙofa ɗaya, gine-ginen sun matso har kusa da inda igiyar ruwa ke kaiwa, an shirya sare layin bishiyoyin kwakwa, kuma an shirya cike fadamar da ke baya da yashi. Babu inda aka ambaci mai doki ko mai tsire a cikin takardar, alhali wasunmu sun fi shekara ashirin suna cin abinci a wurin.

Kun san yadda taron ya rabu biyu a kan wannan. Matasa da dama sun ce a bari a yi ginin da wuri, domin baƙi masu kuɗi za su zo, kuma a halin da ake ciki na tsadar dusa da gawayi ba wanda zai ga laifinsu. Wasu dattawa kuwa suka ce a ƙi shi ɗungurungum. Kwamiti bai ɗauki ko ɗaya daga cikin biyun ba, kuma tun da har yanzu akwai masu cewa mun sayar da ƙungiya, wasu kuma na cewa muna hana ci gaba, ya zama dole in maimaita dalilinmu a rubuce.

Jarinmu a wurin nan shi ne rairayin da doki ke takawa. Dattawanmu da suka ja linzami a Bar Beach, bakin titin Ahmadu Bello, sun ga yadda rairayi ke ƙarewa da idonsu. Tun da Turawa suka jera duwatsu a mashigin tashar jiragen ruwa ta Legas tsakanin 1908 da 1912, yashin da ruwa ke kwasowa daga yamma zuwa gabas ya daina wucewa, teku kuma ta riƙa cin gaɓar da ke gabas har ruwa ya riƙa hawa titi. A watan Agustan 2012 igiyar ruwa ta afka wa gaɓar Kuramo da ke kusa da Bar Beach aka yi asarar rayuka, aka kuma tashi mutanen wurin. Yau Eko Atlantic, sabuwar unguwar da aka cike teku aka gina, ce zaune a inda Bar Beach take, da katangarta ta duwatsu, kuma wanda ya je Alfa Beach ya san irin gidaje da bishiyoyin da ruwa ya cinye a can. Saboda haka idan aka gina otal a bakin ruwa aka sare kwakwar da saiwoyinta ke riƙe da yashi, ba a daɗe ba sai mai otal ya zuba duwatsu don ya kare ginin nasa, rairayin ya tafi, mu kuma mu tafi tare da shi. Fadamar baya ma tana da aikinta, domin ita ke shanye ruwan damina, kuma in aka cike ta ruwan ba shi da inda zai bi sai unguwar da muke haya.

A gefe guda kuma ba za mu iya cewa kada a yi komai ba. Gaɓar nan ba ta da banɗaki, ba ta da fitila, ba ta da masu ceto, kuma duk mun san iyalan da suka daina zuwa saboda ƙazanta da 'yan iska. Tashar ruwa ta Lekki da matatar Ɗangote sun jawo dubban ma'aikata zuwa yankin Ibeju, gini zai zo ko mun so ko mun ƙi, kuma gwamma ya zo muna cikin maganar. Mun kai wa wakilan kamfanin misalin Lekki Conservation Centre, dajin hekta 78 da aka keɓe tun 1990, wanda mutane ke biyan kuɗi su yi layi don su hau gadarsa ta sama mai tsawon mita 401. Ba a sare wancan daji ba, kuma yana kawo kuɗi.

Abin da muka nema a rubuce shi ne a ja gine-gine baya da layin kwakwa, a bar fadama yadda take ko a yi mata gadar katako ta masu yawo, a bar hanyar da kowa zai iya bi ya kai ruwa ba tare da ya biya kuɗin ƙofa ba, musamman masunta da jiragensu, sannan a ware wa masu sana'a rumfuna da wurin ɗaure dawaki a kan haya mai sauƙi. Mun kuma yarda a keɓe ɓangaren gabas inda kunkurun teku ke fitowa da dare su binne ƙwai. Wannan sharaɗi a kanmu ya fi nauyi, domin yana nufin ba sukuwa a wancan ɓangare, ba kunna wuta da dare, ba sayen ƙwan kunkuru ko namansa, kuma masu tukuba za su daina karɓar itacen da ake sarowa daga fadama ko da ya fi araha. Abin takaici ne cewa bayan mun sa hannu a kan wannan, sau biyu ana samun sawun dawakin mambobinmu a wurin da aka hana. Wanda ya nemi a kiyaye masa haƙƙi ba ya fara da karya nasa alƙawarin, kuma sai da Shugaba ya je ya ba Baale haƙuri da bakinsa.

A zane na biyu an ja ginin baya, ko da yake bai kai inda muka nema ba, an kuma saka hanyar jama'a. Maganar fadama tana nan a buɗe. Maganar rumfunanmu kuwa ba mu da ita a rubuce, domin lauyansu ya ce ba za su sa hannu da ƙungiyar da ba ta da rajista ba. Na san ana ɗora wa sakatare laifin wannan jinkiri, don haka ga yadda abin yake. Rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, tana buƙatar kuɗin hukuma da na lauya, da buga sanarwa a jaridu biyu, da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. An zaɓi amintattu tun farkon shekara, amma biyu daga cikinsu sun tafi gida noma ba su bar hoto ko katin shaida ba, kuɗin da aka ware kuma an taɓa su wajen kai gawar ɗan'uwanmu gida, wanda ba na jin akwai mai cewa kuskure ne. Kowa ya ga abin da ya faru a wurin shaƙatawa na Landmark a ƙarshen watan Afrilu, lokacin da aka rushe ɓangaren bakin ruwan don hanyar Legas zuwa Kalaba mai tsawon kilomita 700. Wurin da ke da takardu da lauyoyi ke nan, balle mu da ko rasit ɗin haya ba mu da shi.

Abin alfaharinmu a bana shi ne aikin gayyar share bakin teku na ranar Asabar 21 ga Satumba, wadda ta dace da ranar da ake irin wannan aiki a ƙasashen duniya. Da aka kawo shawarar an ce ba zai yiwu ba, domin Asabar ranar kasuwa ce kuma ba wanda zai bar ciniki ya tsinci shara. Sai ga shi ana idar da sallar asuba mutane sun fara hallara da manjagara da buhuna, har da waɗanda ban taɓa gani a taron wata ba. Masu dawaki suka ɗaura buhuna a sirdi suna kwasowa daga nesa, masu tebur suka ɗauki nauyin ware robobi da ledar fiya wata daga sauran tarkace, matan mambobi suka kawo koko da ƙosai, yaran Islamiyya suka jeru suna tsintar murafen kwalba. Masuntan Ilaje da na Egun da muka gayyata sun zo da jama'arsu, suka taimaka aka ciro tsofaffin ragogin kamun kifi da yashi ya binne, irin waɗanda ke sarƙe ƙafar doki kuma su shaƙe kunkuru. Mafi yawan abin da aka tara robar zuba abinci ce mai kama da soso, wadda gwamnatin Legas ta haramta tun watan Janairu, kuma na ji daɗi da masu tsire da kansu suka tsaya a kan tulin suka yi alƙawarin komawa takarda da ganye. Kafin ƙarfe sha ɗaya an gama, motar LAWMA, hukumar kwashe shara ta Legas, da muka nema ta zo ta kwashe.

Da yamma aka yi kilisa da dawaki ashirin da huɗu cikin ado, aka tsaya cak a igiyar da aka ja wa ɓangaren kunkuru, ba doki ɗaya da ya ƙetare. Baale ya zo da hakimansa, wakilin Sarkin Hausawa ya zo, injiniyan kamfanin ma ya zo da iyalinsa, har 'yarsa ta hau doki. A nan ne wani dattijonmu ya kama hannun injiniyan ya kai shi gindin wata kwakwa da ruwa ya tone wa saiwa, ya nuna masa inda ya saba ɗaure dokinsa shekaru goma da suka wuce, wanda yanzu yake cikin teku. Ina da yaƙinin cewa wannan tafiya ta taki hamsin ta yi aikin da wasiƙunmu uku ba su yi ba, domin bayanta ne aka fito da zane na biyu. Masu tukuba sun shaida cewa cinikin ranar ya yi kusa da na Sallah. Muna gode wa Ma'aji da ya ba da kuɗin buhuna daga aljihunsa, kuma har yau ƙungiya ba ta biya shi ba.

Dashen kwakwa bai yi nasarar da muka so ba. Cikin sittin da aka dasa, goma sha tara ne suka rage. An ce lokacin dashen ne bai dace ba, kuma akwai gaskiya a ciki domin an makara har damina ta kusa ɗaukewa, amma makarar ta zo ne daga jiran kuɗin sayen irin. An rubuta jadawalin ban ruwa, mutum biyu kowace rana, sai ya zama mutum huɗu ne kawai ke yi har suka gaji, awaki kuma suka cinye waɗanda ba a yi wa shinge ba. Ramin tara kashin dawaki, wanda masu lambu suka ce za su riƙa saye, an haƙa shi amma ba a yi masa siminti da rufi ba, saboda farashin siminti ya wuce abin da aka ƙiyasta tun kafin a fara.

Duk wannan ya dawo kan kuɗin wata. Muna da mambobi 140 a littafi. Mutum 38 ne suka biya naira 1,000 ta kowane wata har ƙarshen shekara, kimanin hamsin sun biya wani abu suka tsaya, sauran kuwa ko sisi. Na san halin da ake ciki, na san litar fetur ta haura naira 1,000 kafin shekara ta ƙare, kuma wanda ya zo ya ce ba shi da shi ba mu taɓa kunyata shi ba. Wanda ke ɓata mini rai shi ne mai dawaki uku da ke hango ni da littafi ya juya linzami, amma ranar da 'yan kwamitin tsafta suka kama dokinsa, wayata ce ta farko da zai kira da tsakar dare. Akwai kuma masu rubuta dogon sharhi a WhatsApp kan yadda ya kamata a yi da kamfani, waɗanda ba su taɓa biyan kuɗin mota sun raka mu gidan Baale ba. Aikin nan na sa kai ne, ni ma ina da tukubar da nake barin yaro a kanta in bi mutane, kuma ba na jin zan iya ƙara shekara a haka in ba a naɗa masu karɓar kuɗi ɗaya a kowane ɓangare ba.

Akwai abu ɗaya da ba zai jira ba. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta tanadi a baje rahoton irin wannan aiki ga jama'a su duba su yi ƙorafi, kuma wa'adin da aka saba bayarwa kwana 21 ne na aiki. Muna buƙatar mambobi biyu masu karatun boko da za su sa ido kan sanarwar, su karanta rahoton, su fassara mana shi, don mu shigar da maganar fadama da ta rumfuna kafin wa'adin ya cika. Taro na gaba Talatar farko ta wata mai kamawa ne, bayan la'asar, a rumfar da aka saba. Amintattu su zo da hotuna biyu-biyu da katin shaida, masu bashi su zo da abin da ya sawwaƙa, kuma Ma'aji zai kawo littafin shiga da fita ga duk mai son dubawa.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamiti