Wasiƙa a kan gwajin jini da ɗigo ɗaya

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba da Inna. Ka nemi in yi maka bayanin binciken da ya riƙe ni a ƙasar nan, ga shi gwargwadon fahimtata.

Aikinmu shi ne ƙera 'yan na'urori masu hanyoyin ruwa sirara, waɗanda faɗinsu bai kai rabin milimita ba, domin ɗigon jini guda ya wadatar da gwajin da a da sai an cika kwalba. A irin wannan ƙunci ruwa yana sauya hali: idan ka tura ruwa iri biyu cikin hanya ɗaya, sai su tafi kafaɗa da kafaɗa, ba sa cakuɗuwa sai a hankali, kuma wannan natsuwar ce ke ba mu damar sarrafa su. A ƙarshen hanyar akan ajiye sinadarin da ke gane abu guda a cikin jini, ya mayar da shi launi ko siginar lantarki. Tushen dabarar tsoho ne, domin tun 1962 wasu masu bincike biyu, Clark da Lyons, suka bayyana yadda za a auna sukarin jini ta haka. A 2007 kuma rukunin George Whitesides na Jami'ar Harvard ya nuna cewa takarda ma za ta yi aikin, tunda tana jan ruwa da kanta kamar yadda lagwani ke jan kananzir, ba tare da famfo ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cutar sikila. An ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita kowace shekara a Najeriya, kuma ka fi ni sanin yadda iyaye da yawa ba sa ganewa sai yaro ya fara kumburin hannu da ƙafa. Alhali binciken da aka wallafa a Amurka a 1986 ya nuna cewa ba wa irin waɗannan yara fenisilin kullum ya rage kamuwa da mummunar cutar baktiriya da kashi 84 cikin ɗari. Maganin yana nan. Sanin wanda za a ba da wuri ne ke yin wuya. Masu bincike a Jami'ar Case Western Reserve sun ƙera ɗan faifai mai takarda a ciki, wanda idan aka sa jini aka kunna lantarki, nau'o'in himogulobin (sinadarin da ke ɗaukar iskar da muke shaƙa a cikin jini), wato A da S da C da F, waɗanda S ne na sikila a cikinsu, sukan rabu saboda kowanne da saurin tafiyarsa. An gwada shi a Kano, kuma na'urar da ta fito daga wannan aiki, Gazelle, tana ba da sakamako cikin minti takwas.

Sai dai a ganina, na'urar da ta yi kyau a ɗakin bincike mai sanyi ba ta ci jarrabawa ba tukuna. Zafin watan Afrilu yana lalata sinadarai, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, ga rashin wuta, ga tsadar faifan da ake jefarwa bayan kowane gwaji.

Saboda haka nake roƙonka, tunda kai ne ke zaune da marasa lafiya kullum, ka rubuto mini a ina kuke ajiye kayan gwaji, awa nawa kuke samun wuta, kuma nawa uwa za ta iya biya ba tare da ta ci bashi ba. Da amsarka zan tsara gwajin da ke gabana.

Ka gaishe mini da kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Naka amini.