Amsa Ga Ƙanwata Da Ta Nemi In Faɗi Ƙarshen Labari

Assalamu alaikum, ƙanwata.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da mutanen gida, na ga tambayar da kika yi mini a ƙarƙashin kashi na 41 na labarin da nake saki kowace Litinin da Alhamis, kuma tun da a gaban jama'a kika yi ta, har mutane da dama suka mara miki baya, na ga ya dace amsar ma ta zo a gabansu. Kin ce wata biyar ke nan kuna biye da baiwar Allahn nan tun daga ranar da ta bar gidan mijinta, kun gaji da jan rai, in fito fili in gaya muku ko za ta koma ko ba za ta koma ba. Kika ƙara da cewa ba ki ga laifin matar da na cire daga zauren masu biyan kuɗi ba, wadda ta riga ku karanta kashi goma ta zo ta fasa ƙwai a zauren kowa da kowa, domin a ganinki duk wanda ya riga ka jin labari ya ba ka, taimakonka ya yi.

Ba zan faɗi ƙarshen ba, ƙanwata, amma ba na ɗaukar ƙagautarki a matsayin laifi, domin mu marubuta ne muka shuka ta, kuma da gangan. Tun lokacin da littattafan soyayya suka bunƙasa a Kano a shekarun 1980, kashi-kashi suke fitowa, na ɗaya da na biyu da na uku, saboda yawancin marubutan da kuɗin aljihunsu suke bugawa, sai na ɗaya ya shiga kasuwa ya dawo da jari sannan a iya kai na biyu maɗaba'a. Wannan ya sa dole marubuci ya yanke labari a inda zuciyar mai karatu ta fi tsayawa, ya ce mu haɗu a littafi na biyu. Ina 'yar makaranta na sha zarya zuwa shagon mai hayar littattafai na unguwarmu ina tambayar ko na ukun wani littafi ya iso, yana ce mini in dawo wani mako, ina komawa gida kamar an yi mini rashi. Abin da ya sauya yau shi ne waya ta maye gurbin takarda, kuma mai karatu ya sami hanyar da zai tsaya a gaban marubuci ya faɗa masa abin da ke ransa nan take.

Jan rai kansa ba sabon abu ba ne a adabinmu. A littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda ya fito a 1937, da labari aku ya riƙa tsare Musa ɗan Sarki, wanda kullum da dare yakan yi shirin fita ya bi sawun mayaƙa, sai akun nan ya ɗauko zance ya ja shi har gari ya waye. Abin da nake so ki lura da shi, wanda ni ma ban lura ba sai da na fara rubutu, shi ne akun bai taɓa tsare yaron da wofi ba. Kowane dare yakan biya shi ladan zamansa da labari cikakke mai kai da gindi. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata ku riƙa auna mu da shi: idan kashi ya ƙare kin san wani abu game da mutanen labarin wanda jiya ba ki sani ba, to an ja ranki an kuma biya ki, idan kuwa kika rufe waya kina nan inda kike, an ci miki data da lokaci a banza.

Da wannan ma'auni na koma na duba nawa aikin bayan na karanta maganarki, kuma na ga kina da gaskiya a wani wuri. Daga kashi na 28 zuwa na 33 labarin bai motsa ba. Na zauna a kan bikin ƙanwar miji, daga lefe zuwa kamu zuwa kai amarya, ina lissafa atamfa da leshi, alhali abin da bikin ya zo yi a labarin, wato haɗuwar matar da surukarta, bai wuce shafi biyu ba. Ba zan ɓoye dalili ba. Littafin da ake biyan kuɗi a karanta, tsawonsa na cikin abin da ake tallata shi da shi, kuma marubuciyar da ta ga zaure ya cika takan ji nauyin rufe shi da wuri. Wannan rauni ne da ya yi yawa a cikinmu, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, saboda haka na karɓi wannan ɓangare na ƙorafinki ba tare da gardama ba, ina kuma neman afuwar duk wadda ta yi wannan zaman.

Akwai kuma wani tsoro a ƙarƙashin tambayarki wanda ba ki ambata ba, amma na san shi domin ni ma na ɗanɗana. Labarai nawa muka bi a WhatsApp da Facebook da Wattpad har tsakiya, sai marubuciyar ta yi aure, ko wayarta ta ɓace, ko ta yi fushi da ƙarancin sharhi, labarin ya tsaya cak har yau? Wanda aka taɓa bari a tsakiyar hanya ba a ganin laifinsa in ya nemi sanin masauki tun kafin a tashi. Ko manyan marubutan duniya ba su tsira daga wannan ba. Charles Dickens, wanda kusan duk littattafansa kashi-kashi suka fito a Ingila, wasu duk wata wasu duk mako, ya rasu a watan Yuni na 1870 yana tsakiyar littafinsa na ƙarshe, kashi shida kawai ya rubuta cikin goma sha biyu da aka tsara, kuma labarin ɓacewar wani saurayi ne wanda har yau ba a san yadda ya yi niyyar warware shi ba.

Zan ƙara ba ki gaskiya a wuri na uku, domin ba na so in ci nasara a kanki da ɓoye hujjar da take taki. Sanin ƙarshe ba kullum yake kashe daɗin labari ba. A 2011 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld, sun ba ɗalibai gajerun labarai 12, wasu an gaya musu ƙarshe tun kafin su fara, wasu ba a gaya musu ba, sai aka tarar a mafi yawan labaran waɗanda suka san ƙarshen sun ɗan fi jin daɗin karatun. Mu ma mun san haka tun kafin su auna. Yaro yakan nemi a maimaita masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi wadda ya haddace, har ya gyara wa mai ba shi in ta tsallake wani wuri. Kuma ba ina haɗa ƙagaggen labari da maganar Allah ba ne, amma ki dubi Suratu Yusuf: mafarkin taurari goma sha ɗaya da rana da wata yana aya ta 4, fassararsa ba ta cika ba sai a aya ta 100, kuma duk shekara a wajen tafsirin azumi za ki ga dattawan da suka san ƙissar tun suna allo suna share hawaye idan aka zo inda aka jefa rigar a fuskar Annabi Yakubu.

To, in haka ne, me ya hana in faɗa miki? Abin da ya hana shi ne, kalmomin da kike nema a bakina ba su ne ƙarshen labarin ba. Idan na ce miki yau ta koma, abin da za ki ji shi ne an karya ta, iyaye da dangi sun taru sun danne ta kamar yadda aka saba, kuma rabin zauren za su ajiye karatun suna cewa na goyi bayan zalunci. Idan na ce ba ta koma ba, ɗaya rabin za su ce ina koya wa mata kashe aure da watsar da 'ya'ya. Duka biyun za su yi hukunci a kan matar da suka sani a kashi na 41, alhali wadda za ta yanke shawarar nan ba ita ba ce, mace ce da za ta ga wasu abubuwa, ta ji wasu maganganu, ta gane wasu kurakurai nata da na mijin waɗanda yanzu ba ta gane ba. Hukuncin alƙali in aka ɗauko shi aka karanta wa wanda bai ji shaidu ba, ko dai ya ga an yi sassauci ko ya ga an yi tsanani, kuma ba laifinsa ba ne. Wannan shi ne babban dalilina, kuma ko da babu sisin kwabo a cikin harkar, a kansa zan tsaya.

Ɗaliban nan na Amurka gajerun labarai aka ba su, waɗanda ake gamawa a zama ɗaya, kowa shi kaɗai da takardarsa. Labari mai fitowa kashi-kashi yana da wani abu da wancan ba shi da shi, wato kwanakin da ke tsakanin Litinin da Alhamis. A cikin kwanakin nan ne kuke muhawara, wata ta ce da ita ce da tuni ta nemi takardarta, wata ta ce haƙuri saboda yara ya fi, wata ta kawo abin da ya faru da yayarta. Na sami saƙonni daga matan da suke zaune a gidan iyayensu cikin irin wannan hali, suna gaya mini cewa sukan karanta sharhin nan kalma bayan kalma, domin a nan ne suke jin ana tattauna matsalarsu ba tare da an nuna su da yatsa ba. Wannan tattaunawa tana raye ne saboda ba wanda ya san amsa. Ranar da aka fasa ƙwan nan, sharhin zauren ya koma gardama a kan ko gaskiya ne ko ƙarya, aka bar maganar auren gaba ɗaya, kuma sai da aka yi mako biyu kafin ta dawo.

Game da matar da na cire, ba don ta san abin da ke gaba na cire ta ba, ai ta biya ne don ta sani. Ina da gwaggo wadda ba ta taɓa fara littafi ba sai ta buɗe shafin ƙarshe ta ga waye ya auri wa, sannan hankalinta ya kwanta ta koma farko, kuma ban taɓa ganin aibinta ba, domin littafin a hannunta yake, ita ta zaɓa wa kanta. Wannan matar kuwa ta zaɓa wa ɗaruruwan mutane ba tare da ta tambaye su ba. Ta rubuta abin a fili, a layin farko, inda duk wadda ta buɗe zauren idonta zai faɗa a kai kafin ta ankara. Wadda take son sani tana da hanyoyi da yawa na nema, amma wadda ba ta so, in an riga an zuba mata a kunne, babu mai iya kwashe mata shi, kuma karatun farko na labari sau ɗaya mutum yake yin sa. Ban da haka, kowa ya shiga zauren da sharaɗin ba zai fitar da abin da ke ciki ba, ta amsa ta shiga, saboda haka magana ce ta amana. Da ta bi wata ƙawarta ta akwatin saƙo, bayan ta tambaye ta kashi na nawa ta kai da kuma ko tana so ta ji, da ban sani ba balle in yi magana. Na mayar mata da kuɗin kason da ba ta karanta ba, kuma ba na so kowa ya bi ta da zagi da sunana.

Ga abin da zan iya yi miki, kuma na ɗauki alkawarinsa a gaban duk masu karanta wannan wasiƙa. Labarin zai ƙare a kashi na 60, ba zan ƙara ko ɗaya ba komai cikar zaure. Na riga na rubuta kashi ukun ƙarshe tun kafin in saki na farko, kuma a makon nan na damƙa su, tare da tsarin abin da ya rage, a hannun wata 'yar'uwata da na amince da ita, da umarnin ta sake su idan Allah ya kawo abin da zai hana ni ƙarasawa. Na kuma cire kashi biyu da na tsara a gaba bayan na auna su na ga babu abin da za su ƙara miki. Idan duk da haka jiran yana takura miki, ki ajiye labarin har nan da mako goma, in sha Allah, ki ɗauke shi ki karanta a dunƙule, ki ma fara daga shafin ƙarshe kamar yadda gwaggona take yi in haka ya fi miki, ba zan ɗauke ki a matsayin wadda ta rage mini ƙauna ba. Idan kuma kika zauna tare da mu, kashi na 42 zai fito ranar Alhamis bayan sallar isha'i, kuma ina so in ga sharhinki a ƙarƙashinsa, ko da na gyara ne irin wannan.

Ki gaishe mini da mutanen gida.

Wassalam,
Yayarki, marubuciyar labarin.